Fatawa: Ni ne ma'ajin ɗan takararmu, an ce in daina tambayar inda kuɗin ya fito

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ne ma'ajin kwamitin yaƙin neman zaɓen ɗan takararmu na majalisar wakilai. Wani ɗan kwangila ya kawo gudummawar kuɗi mai yawa, alhali kowa a garinmu ya san an ba shi aikin asibiti ya bar shi ba rufi. An ce in rarraba kuɗin a littafi da sunayen mutum goma. Da na yi magana, manya suka ce zagon ƙasa nake yi wa jam'iyya. Wani malami ya ce binciken tajassusi ne, kuma haram ba ta bin kuɗi in ya canza hannu. Ni kuwa na sha caccakar abokin hamayyarmu a Facebook kan masu ba shi kuɗi. In yi shiru?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ƙara maka tsoronsa, ɗana, domin damuwar da ta sa ka rubuto alama ce ta zuciya mai rai.

Da a ce kai magoyin baya ne kawai mai zuwa taro ya koma gida, da na ce tambayar tana da kyau amma ba ta zama dole a kanka ba. Sai dai ka ce kai ne ma'aji, kuma a nan hukuncin ya juya. Hannunka ke karɓa, alƙalaminka ke rubutawa. Rubuta sunan mutum goma a kan kuɗin mutum ɗaya shaidar zur ce, haramun ce ko da kuɗin gadon mahaifinsa ne. Ka kuma tambayi kanka me ya sa ake son rarrabawar. Dokar zaɓe ta 2022, a lokacin da aka kafa ta, ta hana mutum ɗaya ya ba ɗan takara fiye da naira miliyan 50, ta kuma tsayar da abin da mai neman kujerar majalisar wakilai zai kashe a kan miliyan 70. Wanda ya ce ka ƙirƙiro sunaye ya san akwai irin waɗannan iyakoki, kuma ranar da za a buɗe littafin sa hannunka za a gani, ba nasa ba.

Batun tajassusi ba ya buƙatar dogon zance. Abin da aka hana shi ne leƙen asirin mutum a cikin gidansa. Wanda ya fito neman riƙon amanar jama'a ya buɗe wannan ƙofar da kansa, kuma Sayyidina Umar ya kan binciki dukiyar gwamnoninsa har ya raba ta biyu ya mai da rabi baitulmali.

Maganar da zan tsaya a kanta ita ce ta canza hannu, domin ta yaɗu a bakin masu kusantar 'yan siyasa, kuma tana da asali da aka karkatar. Suna kafa hujja da hadisin Barira, da aka ba ta sadakar nama, Annabi (SAW) ya ce a gare ta sadaka ne, a gare mu kyauta ne. Suna ƙarawa da abin da aka ruwaito daga Ibn Mas'ud game da maƙwabci mai cin riba da ya gayyace ka abinci, cewa daɗin naka ne, zunubin nasa. To ka duba naman Barira. Halal ne tun asali, mai shi ya bayar da yardarsa, ya zama mallakarta, sannan ta yi kyauta da abin da ta mallaka. Ina wannan ya haɗu da kuɗin da aka ware don asibiti? Malamai sun bambanta dukiyar da ta haramta saboda hanyar samunta, wadda a kanta ne aka yi saɓani, da dukiyar da ita kanta haƙƙin wani ce, kamar ta sata da ƙwace da ha'inci. Ta biyun ba ta taɓa shiga mallakar wanda ya ɗauka ba, balle ya yi kyauta da ita. In ɓarawo ya ba ka akuyar maƙwabcinka kana sane, ba ka ce ta canza hannu ba. Masu wannan kuɗin suna nan da ransu, su ne matan garinku da ake ɗauka a mota zuwa wani gari lokacin naƙuda. Ko sadaka aka yi da shi, hadisin Muslim ya ce Allah ba ya karɓar sadaka daga ha'inci, ina ga sayen fosta da man mota. Malamanmu na Malikiyya da suka sassauta mu'amala da mai gaurayayyar dukiya ma sun toge abin da aka san shi ne ainihin na ƙwacen. Ina jin zafin wannan fatawa ƙwarai, domin da ita ake wanke kuɗin jama'a da sunan addini, mai sauraro kuma ya tafi da natsuwar da bai cancanta ba.

Amma kai ma ka yi hattara da "kowa ya sani". Ayyuka da yawa suna tsayawa ne saboda gwamnati ba ta saki ragowar kuɗin ba. Kada ka kira mutumin nan ɓarawo sai ka san nawa aka biya shi da abin da ya yi da shi.

Ko da ya fita da tsabta, akwai sauran tambaya: me yake jira? Ɗan majalisa yana da baki a ayyukan mazaɓa, ɗan kwangila kuwa aiki yake nema. In an yi alkawari, a fili ko da ƙyafta ido, to rashawa ce aka biya kafin lokaci, kuma ma'aunin da Annabi (SAW) ya sa wa Ibnul Lutbiyya, wanda ya aika karɓar zakka ya dawo yana cewa wani kaso kyauta aka yi masa, ya isa: da ya zauna a gidan iyayensa, za a kawo masa kyautar? Mun ga ƙarshen irin wannan bashi a Anambra a 2003, inda Gwamna Chris Ngige bai cika wata biyu a kujera ba 'yan sanda suka ɗauke shi a rikicinsa da ubangidansa na siyasa. Saboda haka tambayarka kariya ce ga ɗan takararku, kuma ita ce taimakon ɗan'uwa da hadisi ya fassara da riƙe hannunsa daga zalunci. Alkawarin da ke tsakaninka da jam'iyya yana nan a kan abin da yake daidai, bai kai ga ƙarya ba.

Rubuce-rubucenka na Facebook kuwa, ka koma ka karanta su da idon da kake kallon naku yanzu. Wanda kake da hujja a kansa ka bar shi, amma ka sani ya zama hujja a kanka in ka yi shiru a gida. Wanda ka ɗauko daga jita-jita ka goge, ka yi istigfari, ka gyara a inda ka ɓata.

Ka samu ɗan takarar shi kaɗai, ko da dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, ka ce za ka rubuta kuɗin da sunan mai shi ko a mayar masa. Kada ka fara da yaɗawa, kada ka je da fushi, kuma ka kula da lafiyarka, ka san yadda lokacin zaɓe yake. In sun ƙi, ka miƙa littafin da ragowar kuɗin a gaban shaidu, ka riƙe kwafi, ka ajiye muƙamin. Wannan bai wajabta maka barin jam'iyyar ba. Ƙuri'arka kuma amana ce daban, ka ba wanda ka fi zaton cutarwarsa ga jama'a ta fi sauƙi, ko naku ne ko ba naku ba. In an riga an ba ka wani abu daga kuɗin kuma ya tabbata na asibitin ne, ka fitar da kwatankwacinsa ka sa a maganin marasa lafiyar garinku, da niyyar mayar da haƙƙi, ba neman ladan sadaka ba.

Wallahu a'alam.