Idon Sawu Ya Karkace: Dole Ne A Kafe Gaɓar?

Tambaya: Likita, shekara 12 ke nan da na karye a idon sawu. Ƙashin ya haɗe, amma ƙafar ta karkata ciki, yanzu 'yar tafiya kaɗan sai ciwo da kumburi. An ce amosanin gaɓa ne, wai sai an kafe gaɓar, wato a haɗe ƙasusuwanta ta daina motsi. Shekarata 41. Babu wata hanya?

Amsa: Sannu malam, Allah ya ƙara sauƙi. Akwai, amma ba kowa take yi wa ba. Amosanin idon sawu ya bambanta da na gwiwa, domin galibinsa tsohuwar karaya ko yawan targaɗe ke kawo shi, ba tsufa ba. Guringuntsin wurin siriri ne, bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba. Wani bincike na 1976 ya nuna in ƙashin tsakiyar gaɓar ya goce da milimita 1 kacal, fuskar da ke ɗaukar nauyi kan ragu da kashi 42 cikin 100. Ka ga tayar motar da ba a saita ba? Gefe guda take cinyewa. Haka ƙafarka.

To, maimakon a kafe, sai a yanka ƙashin ƙauri daf da saman idon sawu, a miƙe shi, a ɗaure da ƙarfe da kusoshi, nauyi ya koma ɓangaren da ke da lafiya. Wani lokacin a haɗa da gyaran ƙashin diddige ko jijiyoyin da suka saki. Sharaɗin shi ne a samu kusan rabin guringuntsin da sauransa. Ka nemi a ɗauki hoton ƙafar kana tsaye a kanta. Na kwance yana ɓoye karkacewar. A shekarunka, in hoton ya yarda, ni wannan zan fara dubawa. Kafewa na kashe ciwo sosai, sai dai gaɓoɓin da ke kusa su ke biyan bashin bayan shekaru.

Tambaya: Bayan aikin, yaushe zan taka ƙafa? Kuma na rabu da ciwon ke nan?

Amsa: Kamar mako 6 kana kan sanduna ba takawa, sannan a fara a hankali tare da gashin ƙashi. Cikakkiyar warkewa kan kai wata 6 zuwa shekara. Ba zan ruɗe ka ba malam, aikin ba ya mayar da guringuntsin da ya tafi. Ciwo yake ragewa, ya jinkirta kafewa ko sa gaɓar roba.

Tambaya: Mahaifina ma na da amosanin idon sawu, ga ciwon suga, yana kuma shan taba. Na ji akwai ƙarfen da ake zagaye ƙafa da shi. Zai yi masa?

Amsa: Ƙarfen Ilizarof kake nufi, sunan likitan Rasha da ya ƙirƙiro shi. Ana buɗa gaɓar da shi kamar milimita 5 na tsawon wata 3 don ta huta. Sakamakonsa bai kai na miƙe ƙashi tabbas ba, kuma ramukan wayoyin da ake sokawa cikin ƙashi don riƙe ƙarfen kan yi ruwa. Ga Baba, wannan babban haɗari ne. Taba na hana ƙashi haɗewa, suga na jinkirta warkewar rauni. A fara auna gudun jini da jin taɓi a tafin ƙafarsa. In ƙafar ta soma mutuwa ba ya jin tsini, a bar maganar yanka ƙashi, a nema masa takalmin gyara da abin ɗaure idon sawu tukuna.