Tsohuwar Kwamfuta Da Sabon Ma'aji: Amsoshin Tambayoyinku

Tambaya daga wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje a Samaru: Malam, muna da kwamfuta mai Windows 98 da ke haɗe da wata na'urar awo, kuma manhajar na'urar ba ta aiki a kan sabuwar kwamfuta. Faifan ajiyar tsohuwar kwamfutar ya fara ƙara ƙas-ƙas, mun zaga shagunan Sabon Gari ba mu samu irinsa ba. Mene ne abin yi?

Amsa: Malam, kafin komai a kashe kwamfutar nan, domin faifan da ya fara wannan ƙara kowace kunnawa tana rage masa kwana. A cire shi, a jona shi da kwamfutar zamani ta hanyar adaftar da ke haɗa IDE, wato mahaɗar tsofaffin faifan ajiya, da USB, sannan a ɗauki cikakken hotonsa, wato kwafin duk abin da ke cikinsa, da manhaja irin su Clonezilla ko ddrescue. Kwafe fayiloli kaɗai ba zai wadatar ba, saboda ɓangaren da ke tayar da Windows ba ya biyo su.

Abin da nake ba da shawarar a maye gurbinsa da shi shi ne katin CompactFlash, wanda kamfanin SanDisk ya fito da shi a 1994. Dalilina shi ne an ƙera katin ne da iya magana da yaren IDE tun asali, don haka adaftarsa ba ta da wani aiki illa sada haƙoransa da na wayar faifan. Kwamfutar tebur tana amfani da mahaɗa mai haƙora 40 tare da wayar wuta daban, ita kuwa ta tafi-da-gidanka haƙora 44 gare ta, wutar tana cikinsu, saboda haka a ƙirga kafin a biya kuɗi. Ana iya saka faifan zamani na SSD mai sabuwar mahaɗar SATA ta wata adaftar, sai dai a wannan hali akwai mai fassara a tsakani, kuma ba kowace tsohuwar kwamfuta ke jituwa da shi ba.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne girman kati. Mai shago zai miƙo maka mafi girma yana ganin alheri ya yi maka, alhali BIOS na tsohuwar kwamfuta, wato tsarin da ke fara tayar da ita idan an kunna, yana da iyakar abin da yake iya ƙirgawa. Na kafin 1994 galibi suna tsayawa a megabait 528, na wajajen 1997 da yawansu ba sa wuce gigabait 8.4, shi kansa Windows 98 ba a aminta da shi a kan abin da ya haura gigabait 137. Idan kwamfutar ta MS-DOS 6.22 ce, kowane sashe na faifan ba zai wuce gigabait 2 ba. A wurinku katin gigabait 4 ko 8 ya isa, muddin bai gaza tsohon faifan girma ba, domin a kansa za a mayar da hoton da aka ɗauka. In da hali a nemi wanda aka yi domin injinan masana'antu, ya fi jure yawan rubutu, kuma a gwada shi tukuna, don katin jabu ya yi yawa a kasuwa. Tunda an riga an buɗe akwatin, a canza batirin CR2032 da ke riƙe agogo da saituna, a kuma hure ƙurar hunturu da ta taru a fanka.

Tambaya daga wata mai shagon ɗinki a Tudun Wada: Injin surfanina da faifan fulofi yake karɓar zane, ga shi faifan ya yi wuya, waɗanda nake da su kuma suna ta lalacewa.

Amsa: Hajiya, akwai wata na'ura da ake kira Gotek, girmanta daidai da gidan fulofi mai inci 3.5, ana cusa ta a gurbinsa, a jona mata waya mai haƙora 34 ɗin nan. A gabanta akwai ramin filashi da maɓallai da ƙaramin allon lamba, kowace lamba tana matsayin faifai guda, injin kuwa bai san an sauya masa komai ba. Mutane da yawa suna ɗora mata manhajar FlashFloppy ta kyauta, wadda Keir Fraser ya rubuta, domin ta fi wadda ake sayar da ita da ita sassauci.

Sai dai ki sa mai gyara ya duba abu biyu kafin ki saya. Wasu injinan surfani faifan kilobait 720 suke karantawa maimakon mai megabait 1.44, wasu kuma siririyar waya mai layi 26 gare su. Ki kuma sani cewa ko filashin gigabait 16 kika saka, kowane faifan da ke cikinsa ba zai ɗauki fiye da abin da fulofi ke ɗauka ba. Zane-zanen da ke tsofaffin faifan kuwa, ki kwashe su cikin makon nan da gidan fulofi mai jonuwa ta USB, kuma ki nisanta su daga sifika da zafin rana.

Tambaya daga wani ɗalibi a Kongo: Na saka ƙaramar adafta mai ruwan goro a madannin rubutu na USB don ya shiga ramin PS/2, wato ramin madanni na tsofaffin kwamfutoci, amma ya ƙi aiki.

Amsa: Ɗan'uwa, wannan adaftar wayoyi ne kawai a cikinta, tana aiki ne idan madannin da kansa ya san yaren PS/2, mafi yawan na yanzu kuwa ba su sani ba. Ko dai ka nemi adafta mai ƙwaƙwalwar da ke fassarawa, ko ka sayi madannin PS/2 na hannu, wanda ya fi araha. Ka kashe kwamfutar kafin ka jona shi, domin ba a ƙera ramin PS/2 don a riƙa cirewa da mayarwa alhali wuta na ciki ba.