Amsa ga Hajiya kan motar Samaru zuwa Kongo

Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da war haka. Hajiya, na saurari saƙonki kan yarinyar nan da ta samu Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) ta Zariya, wai ɗakin kwananta na Samaru amma karatun lauya a harabar jami'ar ta Kongo yake, yaya za ta riƙa zirga-zirga. To, Allah ya sanya albarka, ya sa a gama lafiya.

Ki kwantar da hankalinki, hanyar ba ta da ruɗani. Daga bakin Main Gate ta hau ƙaramar bas, su wuce Palladan, wajen makarantar koyon tuƙin jirgin sama, su ratsa Kwangila, sai PZ. Daga nan ta nemi ta Tudun Wada, Kongo na nan kusa. Amma ta tambayi kwandasta tun kafin ta sa ƙafa, don wata motar kasuwar Sabon Gari za ta nufa.

Abin da nake so ki ja mata kunne a kai shi ne lokaci. Bas ɗin Zariya ba ruwanta da agogo, wallahi. Sai ta cika take tashi, kuma a hanya duk wanda ya ɗaga hannu an tsaya. Ba laifin direba ba ne kacokan, mai motar na jiran balas da yamma, ga kuɗin tasha, ga mai. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, babu direban da zai yarda ya taka da kujeru uku a wofi. Saboda haka in lacca ƙarfe takwas ce, bakwai saura ta kasance a bakin titi.

Na ji Kawu yana cewa a sa ta riƙa ɗaukar shatar keke kullum. Kawu, da girmanka, wannan aljihun ba zai ɗore ba har shekara biyar. A bar shata sai ranar jarrabawa ko in ruwa ya tsuge.

Sai ƙananan abubuwa: ta riƙe canji a hannu, kada ta miƙa dubu ɗaya da sassafe a yi ta ce-ce-ku-ce. Jaka a kan cinya, waya a ciki. In magariba ta kawo jiki, ta biyo ƙawayenta, kada ta tsaya jiran mota ita kaɗai.

Ku turo min ranar da za ku shigo, sai in tare ku a Kwangila in Allah ya yarda. A gaishe min da Alhaji.