Ra'ayin jarida: wa ke rubuta shi, kuma wa yake girgizawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A jaridu ina ganin wani rubutu da ake kira ra'ayin jarida, babu sunan kowa a kansa, a gefensa kuma ga maƙaloli ɗauke da suna da hoton masu su. Mene ne bambancinsu? Sannan yanzu da kowa ke zuba ra'ayinsa a Facebook, anya irin wannan rubutu yana sauya wani abu kuwa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Rashin sunan da ka lura da shi da gangan ne. Ra'ayin jarida bakin gidan jaridar ne baki ɗaya. A manyan jaridu akwai kwamitin editoci da ke zama a kansa. Wani ya kawo batu, wani ya ce ina hujjarka, a yi ta ja-in-ja har a tsaya a kan matsaya ɗaya, sannan a ɗora wa mutum guda rubutawa. Sau da yawa wanda ya rubuta ɗin ba duk abin da ke ciki ya yarda da shi ba, amma da yake da yawun gida yake magana, dole ya ajiye nasa. Maƙala mai suna kuwa kayan mai ita ce, har tana iya cin karo da matsayar jaridar da ta buga ta. Jaridar New York Times ta Amurka ta buɗe shafi na musamman a 1970 daura da shafin ra'ayinta, domin mutanen waje su samu filin faɗin nasu, ko da ya saɓa wa na editoci.

Sai batun tasiri, kuma a nan ne mutane suka fi kuskuren auna abin. Idan kana nufin mutum ya karanta sharhi da safe, kafin azahar ya sauya wanda zai zaɓa, to wannan ba kasafai yake faruwa ba. A zaɓen Amurka na 2016 mafi yawan manyan jaridun ƙasar sun fito fili sun goyi bayan Hillary Clinton, amma Donald Trump ne ya shiga fadar White House.

Ƙarfin yana wani wuri dabam. A 1972 wasu masana biyu, Maxwell McCombs da Donald Shaw, suka wallafa binciken da suka yi a garin Chapel Hill na Amurka lokacin zaɓen shugaban ƙasa na 1968. Sun gano cewa batutuwan da kafafen labarai suka fi nanatawa su ne masu zaɓe suka ɗauka a matsayin manyan matsalolin ƙasa. Wato jarida ba lallai ta iya juya maka zuciya ba, amma tana iya zaɓa maka abin da za ka yini kana gardama a kai. Shafin ra'ayi shi ne inda take yin wannan zaɓi a bayyane, ta nuna da yatsa ta ce ga inda gizo ke saƙa.

Ka kuma duba su wa ke karanta shi. Ba su da yawa, amma cikinsu akwai minista da ɗan majalisa da alƙali da jakada, da kuma mai gabatar da bitar jaridu a rediyo. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. Yana zaune gaban makirufo da tarin jaridu, ya ja layi ƙarƙashin jimla biyu, ya karanto su, sai masu kiran waya su ɗauka. Kafin rana ta faɗi, mutanen da ba su taɓa riƙe jaridar ba suna muhawara da kalmomin da kwamitin editoci ya zaɓa jiya. Rubuce-rubucen Facebook ɗin da ka ambata ma, da yawansu daga irin wannan tushe suke tsiro.

Wani lokaci rubutu guda kan tsaya wa hukuma a maƙogwaro. Ranar 13 ga Janairun 1898 jaridar L'Aurore ta Faransa ta buga buɗaɗɗiyar wasiƙar marubuci Émile Zola zuwa ga shugaban ƙasa, inda ya zargi manyan hafsoshin soja da rufa-rufa a shari'ar Kyaftin Alfred Dreyfus, wanda aka ɗaure bisa ƙazafin cin amanar ƙasa. An gurfanar da Zola, aka same shi da laifin ɓata suna, ya tsere Ingila. Amma maganar ta ƙi binnuwa, ƙasar ta rabu gida biyu, kuma a 1906 kotu ta wanke Dreyfus sarai. Abin da ya ba wasiƙar nauyi shi ne ta kama sunaye, ta jero abin da kowa ya aikata, marubucin kuma ya san kotu na jiransa.

Rashin wannan ne ke damuna da yawancin abin da ake kira sharhi a yau. Ana cika shi da zafin rai da yabo ko zagi, hujja kuwa ko ta magani babu. C. P. Scott, editan jaridar Manchester Guardian ta Birtaniya, ya rubuta a 1921 cewa kowa na da 'yancin ra'ayi, amma gaskiyar abin da ya faru ba a taɓa ta. Don haka idan sharhi ya zo hannunka, fara neman alƙaluma da ranaku da sunayen da ya dogara a kai, ka ga ko ya kawo hujjar ɗaya ɓangaren kafin ya rushe ta. Ka kuma bincika wa ya mallaki jaridar, domin mai gida yakan sa baki. A 2024 Jeff Bezos, mamallakin Washington Post ta Amurka, ya dakatar da al'adar jaridar ta goyon bayan ɗan takarar shugaban ƙasa ana saura kwanaki kaɗan zaɓe, wasu daga cikin kwamitin editocinta suka sauka daga kujerunsu, ɗimbin masu karatu kuma suka janye rajistarsu.