Duba haƙori kafin ya yi ciwo: asibitin gwamnati ko na kuɗi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar firamare ce, ina zaune a Tudun Jukun, Zariya, 'ya'yana huɗu. Na lura da wani baƙi-baƙi a mataunin babban ɗana mai shekara tara, sai na kai shi wani asibitin gwamnati a duba. Muka yanki kati, muka zauna tun safe har aka kira azahar, daga ƙarshe aka ce tunda ba ya jin ciwo mu je mu dawo wani lokaci. Maƙwabciyata kuwa asibitin kuɗi take kai 'yarta. Ranar da suka je ake duba ta, har waya ake yi mata idan lokacin komawa ya yi. Albashina ba ya kai ni ƙarshen wata. In matse in kai su na kuɗi, ko in bari sai wani ya yi kukan haƙori?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Kada ki jira kuka. Ranar da yaro ya fara kukan haƙori, aikin da za a yi masa ya riga ya ninka, kuɗin ma haka.

Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori ba shi da jijiya, shi ya sa ruɓa take iya cin sa wata da watanni mai shi bai sani ba. Sai ta huda ta shiga ciki ake fara jin zugi in an sha ruwan sanyi ko an ci zaƙi. In ta kai jijiya kuwa, sai kwanan zaune. Idan aka tare ta da wuri, ɗan ciko ya isa, wani lokacin ma maganin shafawa da gyara yadda ake goge baki kawai ake buƙata. Idan aka makara, zaɓi biyu ke ragewa: a kwashe jijiyar a cike ramin, wanda aiki ne mai tsada da zirga-zirga, ko a cire haƙorin baki ɗaya.

Shekarun ɗanki ne suka fi tayar mini da hankali. Wajen shekara shida yaro kan fitar da mataunan girma na farko, guda huɗu, can ƙurya bayan haƙoran yarinta, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Da yake ba a ga famfara a wurin ba, iyaye da yawa na ɗauka su ma za su zube wasu su fito. Ba za su zube ba, kuma wanda aka cire ya tafi ke nan. Ba kowane baƙi ne ruɓa ba, wani tabon abinci ne da ya zauna a tsagar haƙori, amma ido a gida ba ya rabewa. Sai an haska an taɓa, wani lokaci sai an ɗauki hoto.

Abin da ya same ki a layi kuwa, ba ke kaɗai ba ce. Likitocin haƙori sun yi mana kaɗan, kujerun aikinsu a asibitocin gwamnati ma haka, masu jira kuma sun yi yawa. A kan benci ɗaya da ku akwai mai kumburarren muƙamuƙi, akwai wanda ya kwana uku bai runtsa ba, akwai ɗan acaɓan da ya faɗi haɓarsa ta karye. Babban asibiti irin na koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, daga jihohi da dama ake turo masa marasa lafiya. Duk likitan da aka ajiye wa waɗannan a gabansa, mai ciwo zai fara gani, kuma ba zan ga laifinsa ba. Asibitin kuɗi kuma da masu zuwa duba da wanki yake rayuwa, don haka yana da littafin sunaye, yana da mai buga waya. Ba ilimi ya raba su ba. Karatu iri ɗaya suka yi, majalisa ɗaya ce ta ba su lasisi, wato Majalisar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Najeriya. Lokaci ne ya raba su, shi kuma lokacin nan sayen sa ake yi.

Na fahimci likitan, amma zuciyata ba ta kwanta da sakamakon ba. Ɗan mai hali ana wanke masa haƙora, ana cike ƙaramin rami tun bai girma ba, ya kai tsufa da haƙoransa. Ɗan talaka ba ya samun kujera sai haƙorin ya mutu, sannan a cire. Daga baya a ce mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai abu ya ɓaci, alhali ga uwa ta zo da wuri an ce ta koma. Kukan bai tsaya a nan ba, don ko a Ingila, inda gwamnati ke da tsarin kula da lafiyar kowa, jama'a sun daɗe suna koken wuyar samun likitan haƙori a ɓangaren gwamnati, mai biya daga aljihunsa kuwa nan da nan ake ba shi rana.

To me za ki yi da albashin da ke hannunki? Ki raba aikin gida biyu. Dubawa ita ce mafi araha a duk aikin haƙori, kuma ita ce take wuyar samu a layin gwamnati, don haka ita za ki saya. Ki je asibitin kuɗi da wannan yaron shi kaɗai tukuna. Tun a teburin karɓar kati ki tambayi kuɗin dubawa zalla, da kuɗin hoto idan za a ɗauka, ki faɗa musu a fili cewa yau dubawa kawai kika zo. Idan an gama, ki roƙi likita ya rubuta miki wane haƙori ne, me ya same shi, wane aiki yake so, nawa ne, kuma wanne ne ba zai iya jira ba. Idan ciko ɗaya ne kuma kuɗin bai fi ƙarfinki ba, a yi a wuce wurin. Idan aikin mai nauyi ne, ki ɗauki takardar ki koma asibitin gwamnati. Yanzu ba uwar da ta zo a duba mata lafiyayyen yaro ba ce, uwa ce mai takardar likita da ta nuna rami a haƙori kaza, kuma wannan yana sauya yadda ake karɓar mutum. Kada ki bar wurin sai an rubuta miki ranar dawowa a kan kati. Ki kuma tambaya ko akwai jami'in kula da haƙori da ke aiki tare da likita, don wanki da ƙananan ayyuka sau da yawa su ke yi.

Sauran yaran ki bi da su ɗaya bayan ɗaya, ki fara da wanda ke tsakanin shekara shida da bakwai. Ki sa ido a ranar 20 ga Maris, ranar lafiyar baki ta duniya, domin likitocin haƙori kan fita duba jama'a kyauta a wasu wurare.

A gida, abin da ya fi komai cancantar kuɗinki shi ne makilin mai sinadarin fuloraid. Ki juya kwalin ki karanta, ki nemi wanda adadin fuloraid ɗinsa ya kai 1,000 zuwa 1,500 ppm, wato ma'aunin da ake rubutawa a jikin kwalin. Tsadar kwali ba ta ƙara komai. Sau biyu a rana, na dare ya fi muhimmanci, a tofar kada a kuskure da ruwa nan take. Yaron da bai kai shekara uku ba a sa masa makilin kwatankwacin ƙwayar shinkafa, mai uku zuwa shida kwatankwacin ƙwayar wake. Asuwaki yana goge datti da kyau, a ci gaba da shi, a haɗa da makilin. Alawa da lemon kwalba kuma, yawan maimaita su cikin yini ya fi yawansu ɓarna.

Tambaya: Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a Samaru, ana cire mini kuɗin inshorar lafiya. Na je asibitin da na yi rajista ina son a duba mini haƙora, aka ce su ba sa aikin haƙori. In je in biya da kaina ke nan?

Amsa: Dakata tukuna, Malam. Gaskiya suka faɗa maka, amma rabinta. A tsarin inshorar lafiya ta ƙasa, wanda dokar 2022 ta mayar da hukumarsa NHIA a madadin tsohuwar NHIS, yawancin aikin haƙori a mataki na biyu yake. Asibitin da ka yi rajista shi zai rubuta maka takardar turawa, ya nemo lambar amincewa daga kamfanin da ke riƙe da inshorarka, wato HMO, sannan ka tafi da su wurin likitan haƙorin da ke cikin tsarin. Ka koma ka nemi wannan takarda da sunanta. Dubawa, wanki da cire haƙori na yau da kullum suna cikin abin da ake ɗauka, amma aikin ƙawa kamar faranta haƙori, da dasa haƙori a cikin ƙashi, daga aljihunka ne. Idan lambar ta yi jinkiri, ka kira HMO ɗin da kanka, kada ka bar wa teburin asibiti. Ma'aikatan jihar Kaduna da ke ƙarƙashin KADCHMA, wato hukumar inshorar lafiya ta jihar, su ma su nemi jerin ayyukan da tsarinsu ya ɗauka, su karanta sashen haƙori kafin su ciro ko kwabo.

Tambaya: Ina da shago a Sabon Gari. Na je asibitin kuɗi aka wanke mini haƙora, aka ce in riƙa dawowa duk wata shida, aka kuma ce a faranta mini su saboda tabon goro. Abokaina sun ce kasuwanci ne, wai wankin ma girgiza haƙori yake yi. Yaya abin yake?

Amsa: Ɗan'uwa, abokanka sun yi kuskure a batun wanki. Dattin da ya daskare ya zama dutse a gindin haƙori, buroshi ba ya fitar da shi. Shi yake kumbura dasashi, ya sa jini, ya riƙa cin ƙashin da ke riƙe da haƙori a hankali. Idan aka kankare shi, giɓin da ya daɗe yana ɓoyewa sai ya bayyana, mutum ya ɗauka wankin ne ya jawo. Ɗan tsamin da ake ji bayan wanki kwanaki kaɗan yake yi ya wuce.

Wata shida kuwa al'ada ce mai kyau, amma ba dole ba ce a kan kowa. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta fitar da shawara a 2004 cewa tazarar dubawa ga babba tana iya kamawa daga wata uku har zuwa shekara biyu, gwargwadon halin bakinsa, yara kuma kada ta wuce shekara ɗaya. Mai ciwon suga, mai shan taba, mai juna biyu, mai jinin dasashi, da wanda aka sha yi wa ciko, su ne ya kamata su yawaita zuwa. Idan ba ka cikinsu, ka tambayi likitanka kai tsaye me ya gani a bakinka da ya sa ya ce wata shida. Likitan kirki zai nuna maka. Faranta haƙori kwalliya ce, ba magani ba. In kana so kuma kana da hali, to. In kuwa kuɗin ƙididdigagge ne, ka kai mai ɗakinka da yara a duba su da shi.

Tambaya: Mahaifinmu a cikin gari yana fama da matauni, yana da suga da hawan jini. An nuna mana wani mai cire haƙori a kasuwa da kuɗi kaɗan, ba layi. Mu kai shi?

Amsa: A'a, don Allah kada ku kai Baba. Ƙarfen da ba a dafa shi a na'urar kashe ƙwayoyin cuta ba yana iya ɗauko ciwon hanta ko ƙanjamau daga bakin wani zuwa nasa. Mai suga rauninsa ba ya saurin warkewa, mai hawan jini kuma yana iya zubar da jini fiye da kima, shi ya sa likita ke auna su duka biyun kafin ya taɓa haƙorin. Sau da yawa ma mai cirewar kasuwa kan karya haƙorin ya bar saiwa a ciki ta ruɓe. Tunda Baba yana cikin ciwo, yana cikin waɗanda layin gwamnati ke fara gani, sai ku yi sammako, ku tafi da duk magungunan da yake sha, ku faɗi suga da hawan jinin tun a wurin yankar kati. Kafin nan kada a sa masa ruwan batir a rami, kada a ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, duk ƙona nama suke yi. Kanumfari da kuskure baki da ruwan gishiri mai ɗumi suna rage zogi na ɗan lokaci, maganin kemis ma haka, amma ruɓar tana nan. Idan kuka ga kumburi ya sauko ƙarƙashin haɓa ko ya nufi ido, ko zazzaɓi ya rufe shi, ko haɗiya da numfashi sun fara yi masa wuya, kada ku jira gari ya waye. Ku wuce da shi sashen gaggawa na Shika a daren.