Hukuncin mace ta riƙe ƙaramar bindiga a ɓoye don kare kanta

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ina zaune a birnin Houston na jihar Texas a Amurka, ina aikin dare a asibiti, nakan tashi wajen ƙarfe 2 in taka ni kaɗai zuwa inda na ajiye mota. Sau biyu ana bin bayana. Ina so in sayi 'yar ƙaramar bindiga irin ta aljihu in riƙa sa ta a jakata. Ban taɓa harbi ba. Ina da yaro ɗan shekara 3. Wani malami ya ce mini riƙe makami ga mace kamanceceniya da maza ne, haramun ne. Mene ne gaskiya, kuma wacce iri zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya tsare ki, ya tsare mutuncinki.

Kare rai da mutunci daga mai kawo farmaki halal ne, babu saɓani a kai. Maganar da ke buƙatar tsayawa ita ce ta malamin da ya hana ki, kuma ina ganin ya yi kuskure, Allah ya yafe mana da shi. Hadisin la'antar mata masu kamanceceniya da maza ingantacce ne, sai dai malamai sun fassara shi da abin da ya keɓanci maza na sutura da ado da salon magana da tafiya. Tsoron ɓarawo ko mai fyaɗe bai keɓanci namiji ba, mace ma ta fi fuskantarsa. Muslim ya ruwaito cewa Ummu Sulaim ta riƙe wuƙa ranar Hunaini, shekara ta 8 bayan hijira. Mijinta Abu Ɗalha ya gani ya faɗa wa Manzon Allah (SAW), da ya tambaye ta sai ta ce idan wani mushiriki ya matso ta za ta farke cikinsa da ita, Annabi ya yi dariya, bai karɓe ba, bai ce ta yi kama da maza ba. Idan aka ce ai wannan a fagen yaƙi ne, sai mu ce dalilin da ta bayar na kare jikinta ne idan an kusance ta, wanda shi ne dalilinki. Kuma a zamanin Umar wata yarinya ta jefi wani da ya neme ta da ƙarfi da dutse ya mutu, Umar ya zubar da jininsa, ya ce ba za a biya diyyarsa ba har abada. Ta yaya za a halatta mata kisa don kare mutunci, sannan a haramta mata tanadin abin da za ta kare kanta da shi? Wanda ya ce ta zauna a gida kawai, shawara ya bayar, kuma mai kyau ce ga wadda ke da hali, amma ba ta mayar da halal haram ba.

To amma abin da ya tsaya mini a wasiƙarki kalma biyu ne: jaka da ɗan shekara 3. A wannan siffar da kika faɗa, ban halatta miki ba. Jakar uwa ita ce wurin da yaro ya fi saka hannu a duniya, nan yake neman alewa da waya. A watan Disamba na 2014, a wani babban kanti a jihar Idaho, yaro ɗan shekara 2 ya zuge jakar mahaifiyarsa ya taɓa bindigar da ke ciki, harsashi ya kashe ta nan take. Kuma mai fizge yana fara wa da jaka, sai ki wayi gari kin ba shi makami da hannunki. Annabi (SAW) ya umarci mai wucewa da kibau a masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu don kada ya ji wa wani, ya kuma hana a miƙa takobi tsirara ba kube. Bindiga mai harsashi da ke yawo cikin makullai da jan-baki ta fi takobi tsirara haɗari. Sharaɗin halaccin shi ne ta kasance a jikinki cikin kube mai tauri da ya rufe kunamar gaba ɗaya, idan kin cire ta kuma ta shiga akwatin ƙarfe mai kulle, ba ƙarƙashin filo ko saman kabad ba.

Sai batun doka, wanda shi ma addini ne, domin kin shiga ƙasar ne da alkawarin bin dokarta. Texas tun 1 ga Satumba 2021 ta yarda wanda ya kai shekara 21, kuma ba shi da laifin da ya hana shi, ya ɗauki ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ba. Ba ki gaya mini takardun zamanki ba. Idan ke 'yar ƙasa ce ko mai katin zama na dindindin, kina iya saye a wurin dillali mai rajista, ki cike fom mai lamba 4473, a binciki tarihinki. Idan bizar karatu ko ziyara ko aikin wucin gadi gare ki, dokar tarayya ta hana, in ban da wasu 'yan togaciya, sai ki ga lauya kafin ki taɓa. Kada ki yi ƙarya a fom, kada ki sa wani ya saya miki da sunansa. Ki duba kuma ko asibitinku ya kafa sanarwar hana shiga da makami, domin da yawa suna yi. In haka ne bindigar za ta kwana a mota, ke kuma haɗarinki a tsakanin ƙofa da mota yake, kin ga ba ta magance abin da kika saye ta dominsa ba. A nan sai ki nemi jami'in tsaron wurin ya raka ki, ki riƙe feshin barkono a hannu idan an yarda da shi, ki nemi a sauya miki wurin ajiye mota. 'Yan'uwa mata da ke karanta wannan a Nijeriya su sani hukuncinsu daban ne: dokar makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogin hannu, wato fistol da libarba (mai gidan harsashi mai juyawa), cikin makaman da aka haramta wa jama'a, sai da lasisin shugaban ƙasa.

Game da zaɓi, masu shago kan miƙa wa mace mafi ƙanƙanta, suna ganin ita ce mai sauƙi, alhali ita ce mafi wuyar harbi. Ruger LCP mai harsashi .380 tana cin 6 a gidan harsashi, nauyinta bai kai gram 300 ba, kuma saboda rashin nauyin nan duk ƙarfin harbin a tafin hannunki yake sauka. Mariƙinta yatsa biyu kawai yake ɗauka, abin saitinta ɗan mitsitsi ne. Wadda ba ta saba ba takan harba goma hannunta ya yi zafi, ta daina zuwa atisaye. Haka kuma irin waɗannan bindigogi suna buƙatar a ƙanƙame su da wuyan hannu a miƙe. Idan riƙon ya yi sako-sako, kwanson da aka harba yakan maƙale, na biyu ya ƙi shiga. Libarba irin Smith & Wesson 642 mai cin 5 ba ta da wannan matsalar, sai dai kunamarta tana da tauri, kusan kilo 5 ake ja, yatsa mara ƙarfi yakan karkatar da bakin bindigar kafin ta tashi. Waɗanda suka ɗan fi girma, kamar Glock 42 ko SIG P365 mai cin 10 na 9mm, sun fi zama a hannu. Idan jan murfin sama don ɗana ta yana ba ki wuya, akwai Shield EZ da aka ƙera don wannan, amma ta wuce aljihu.

Kada ki saya sai kin je filin koyon harbi da ke ba da haya, kin gwada uku ko huɗu tare da mai koyarwa, mace idan an samu. Wadda kike iya ɗanawa da kanki, yatsanki ya kai kunamarta ba tare da kin sauya riƙo ba, kuma kika iya zuba harsashi biyar cikin faɗin faranti daga yadi 5 zuwa 7, ita ce taki. Bayan saye ki harba harsashi kamar 200 ki tabbatar ba ta cijewa, sannan ki gwada ainihin harsashin da za ki riƙa ɗauka.

Suturarki ma tana cikin lissafi. Aljihun rigar mata ba shi da zurfi, abaya kuma sau da yawa ba ta da shi, don haka ɗamarar ciki mai kube mai tauri ta fi dacewa. Dogon hijabi yana ɓoyewa da kyau, amma yana jinkirta zarowa, kuma bakin yadi na iya shiga gidan kunama lokacin mayarwa ya tayar da ita. Ki cire harsasai, ki kai su wani ɗaki, ki duba ramin bindigar sau biyu, sannan ki riƙa koyon ɗage hijabi da hannu ɗaya da zarowa da ɗayan. Idan aljihu kika zaɓa, kada komai ya zauna cikinsa sai ita, kuma ki riƙa share ƙurar yadi da ke taruwa a cikinta duk mako. Yin salla da ita a jiki babu laifi. Masallacin da ya hana shiga da makami kuwa a bi umarninsa.

Abin da dokar Texas ta ba ki ya fi abin da shari'a ta ba ki faɗi, don haka ki tsaya a kan na shari'a. Texas ba ta wajabta miki ja da baya ba a wurin da kike da haƙƙin tsayawa. Shaihu Halil kuwa a Mukhtasar ya ce a fara gargaɗin mai farmaki idan mai fahimta ne, ba a nufin kashe shi sai an san ba abin da zai tsayar da shi sai wannan, kuma wanda zai iya gudu ba tare da cutuwa ba bai halatta ya ji masa rauni ba. Wanda ya bi bayanki kawai ba a harbinsa, wanda ya juya yana gudu ba a harbinsa, ba a kuma nuna wa mutum bindiga don tsoratarwa ko wasa. Harsashin da ya kauce ya sami wani, kisan kuskure ne: diyya da 'yanta bawa, wanda bai samu bawan ba kuma azumin wata biyu a jere, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i aya ta 92.

Ki sanar da mijinki, ku yanke shawara tare. Idan a gidan akwai mai zafin zuciya, ko rigimar aure da ke kaiwa ga duka, ko wanda ke fama da ciwon damuwa har yake ambaton mutuwa, ko ke ce da kanki, to kada bindiga ta shiga gidan nan sam. Kuma ki yi ƙoƙari a mayar da ke aikin rana ko da albashin zai ragu, ki lazimci addu'ar fita daga gida.

Wallahu a'alam.