Shuwaka, zogale da mahaifa: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita ina shayarwa, zogale na ƙara ruwan nono?

Amsa: Ki ci dafaffen ganyensa, ba laifi, yana da sinadarin ƙarin jini. Amma yawan sa yaro a nono shi ya fi kawo ruwa. Saiwa da ɓawon kuwa ki rabu da su.

Tambaya: Ruwan shuwaka na narkar da ƙarin mahaifa?

Amsa: A'a, baya narkarwa. Ki je a yi miki sikanin a ga girmansa.

Tambaya: Shekarata 2 da aure ban samu ciki ba, al'adata ta yi wata 2 bata zo ba, aka ce mahaifata ce ta yi datti in riƙa matse ɗanyen shuwaka ina shan kofi guda safe da yamma. Yau kwana 5, marata na murɗawa ina ganin ɗigon jini.

Amsa: Baiwar Allah dan Allah ki ajiye kofin nan, ki tafi asibiti yau ɗin nan ba gobe ba. Matar aure da ta yi ɓatan wata har 2 ai ciki ake fara tunani, gwajin fitsari na minti 5 ya isa ya nuna, amma wanda ya baki shawarar ko tambaya bai yi ba! Wallahi abin nan na ɓata min rai. Mahaifa ba tukunya bace da za a ce ta yi datti sai an wanke. Ganyen da aka wanke aka dafa daban, ɗanyen ruwan nan kore shar mai ɗacin tsiya daban, ba awo ba ƙa'ida, kuma gwajin da aka yi a kan dabbobi ya nuna yana sa mahaifa ta riƙa matsewa, kinga in cikin da kika daɗe kina roƙon Allah ne ya shiga kina iya ɓarar da shi da hannunki.

Abin da ya fi tada min hankali, ciwon mara da ɗigon jini bayan ɓatan wata yana iya zama ciki a wajen mahaifa, in ya fashe jinin a ciki yake zuba ba a gani. In kika ji jiri ko ciwo a gefe guda ko a kafaɗa, ko tsakar dare ne a kai ki asibiti.

In kuma ba ciki bane, shekara 1 ba haihuwa ta isa a fara bincike, ku je tare da maigida shi ma a gwada shi. Amma wannan daga baya ne, yanzu dai ki tashi ki tafi asibiti.